Jinin da Aka Aika Yawunde

A layin ɗaukar jini na asibiti Lauratu ta fara ganin Hayatu, kuma da masifa ta tare shi, don ya sha gaban mahaifinta Malam Shu'aibu mahauci, wanda kansar ciki ta ramar. Ya ba da haƙuri, ya nemo wa tsohon kujera. Kafin wata ya ƙare ya san hanyar gidansu a unguwar Poumpoumré, har yana kiranta Fitilata.

Likita ya ce za a aika jinin Baba Yawunde, a duba wasu alamomi na ƙwayoyin halitta da ke nuna ko ciwon ya bazu. Burin Lauratu ɗaya ne, ubanta ya aurar da ita da bakinsa.

Sai Hajiya Iyatu, mahaifiyar Hayatu, ta tura a yi binciken gida kamar yadda aka saba kafin aure. 'Yan aiken, masana komai, suka dawo da labarin wai cutar gado ce. Hajiya ta rantse babu aure sai an gwada yarinyar.

Saƙon Hayatu ya shigo wayar Lauratu: "Fitilata, daure ki yi gwajin, hankalin Inna ya kwanta. Je t'aime, ina son ki."

Ranta ya ɓaci. Ta rubuta: "Ni ba saniya ba ce da za a buɗe wa baki a kasuwa kafin a saya. Kada ka ƙara kirana."

Ranar da likita ya ce ciwon ya kai hanta, ba ta tsaya kuka ba, gidan Hajiya ta nufa.

"Inna, kin aika a bincike mu, ba ki aika a duba marar lafiya ba. To ya bazu. Ga labarin, kada ki wahalar da 'yan aike."

Hayatu ya durƙusa gaban uwarsa. "Inna, na yi abin kunya da na goyi bayan gwajin nan. Ita nake so, da gado ko babu."

Washegari Hajiya ta zo da kwanon kunu, ta zauna gefen tabarmar Malam ta kasa ɗaga kai.

Ranar ɗaurin aure ƙanin Malam ya matso zai yi waliyyi, Malam ya ture hannunsa.

"Ku tallafe ni in zauna. Hayatu, na ba ka Lauratu. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku tsawon ran da ban samu ba."