Turaren da Ya Jira Sanyi

"Karɓi kayanki!"

Kwalbar ta bugi gilashin kanta da ƙarfi, har sai da sauran kwalaben suka amsa. Auta ta ɗago kai, mazurari a hannu, sai ta yi ido biyu da matar da ta fi jin nauyi a duniya. Umma ce, mahaifiyar Kafinta, saurayinta.

"Umma, sannu da zu..."

"Riƙe gaisuwarki! Ni za ki aiko wa warin garin katako da ruɓaɓɓen lemo? Wato ki tuna mana asalinmu, ko?"

"Wallahi Umma, ba haka ba ne..."

"To buɗe kunnenki. Da katakon nan na ci, na sha, na raini ɗana. Kuma ɗana ba zai auri mai raina sana'ar ubansa ba!"

A bayan Umma akwai 'yar ƙanwarta, wadda kowa ke kira 'Yar Gayu, tana fifita da hannu tana danne murmushi. Ita dai ta daɗe da ɗinka wa kanta kayan auren Kafinta a zuci, shi kuwa ko awo bai san an yi ba.

Suna fita Yaya ta fito daga ɗakin haɗi. Ita ce mai shagon, ita ta koya wa Auta haɗa turare, ita ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarsu.

"Na faɗa miki ko ban faɗa ba? Na ce ki jira sanyi!"

Auta ta fashe da kuka.

"Yi kukanki ki gama. Amma gidan da aka zo har shagona aka ci miki mutunci, ba da yawuna za ki shige shi ba."

Gaskiyar Yaya ce, ta faɗa. Turare ma yana da lokacinsa. Akwai mai sauƙi da ke son rana, akwai mai nauyi da zafi ke haukata shi, ya taso wa mutum gaba ɗaya har ya hau kai. Na cikin kwalbar nan na sanyi ne. Amma wa ya isa ya ce wa mai soyayya ta jira?

Kafinta ya fara zuwa shagon ne don ya kafa musu kantoci. Aikin da bai taka kara ya karya ba, sai da ya yi ta dawowa wai ƙusa ta yi sako-sako. A irin wannan dawowar ya ba ta labarin mahaifinsa, marigayi. Ya ce idan sanyi ya shigo, Baba kan dawo da yamma rigarsa na ƙamshin katakon da ya wuni yana gogewa, aljihunsa cike da lemo. Ba ya zama sai ya ɓare wa Umma ɗaya da hannunsa. Tun da ya rasu, ko ƙofar wurin aikinsa da ke bayan gida Umma ba ta ƙara kallo ba.

Ƙamshin wannan yammacin na Baba shi Auta ta so ta zuba a kwalba. Ta sa lemo da ɗan tuffa a sama, su fara tashi, sandal da itace mai ɗumi a ƙasa, su daɗe. Ta yi ta haɗawa tana zubarwa har hancinta ya gaji. Da ya yi yadda take so, sai zumuɗi ya kwashe ta, ta ba wa Kafinta ya kai wa Umma ana tsakiyar zafi.

Da la'asar Kafinta ya zo, garin katako a gashinsa, idonsa ja.

"Hancina..." Haka yake tsokanarta, amma yau muryar ba ta wasa ba ce.

"Me ya faru a gidan?"

"Sauri nake, na ba wa 'Yar Gayu ta miƙa. Ashe mayafin sanyin Umma ta ɗauko, mai kaurin nan, ta fesa masa har ya jiƙe. Ta same ta a kicin da tsakar rana, wuta na ci, ta cusa mata a hanci. Ta ce ga saƙon surukarki, wai haka gidanmu ke wari."

"Innalillahi!"

"Na yi bayani, Umma ta ce in rufe mata baki. Ta jefa mayafin can ƙasan akwati."

"Laifina ne. Da na jira..."

"Zuciyata, dube ni. Ba zan yi aure babu albarkar Umma ba, kin sani. Amma wallahi ba zan auri wata ba."

"Ko da za mu tsufa a haka?"

"Sai in sassaƙa mana sanduna biyu."

Dariya ta ƙwace mata cikin hawaye. A ranta ta gode wa Allah da ya ba ta mutumin da ke iya sa ta dariya a ranar da ta fi kowace baƙi.

Zafi ya yi ta jan ƙafa. Yaya ta hana Kafinta tsayawa a shagon, sai dai ya wuce ta ƙofa yana ɗaga hannu. 'Yar Gayu kuwa ta tare a gidan Umma, yau wanki, gobe guga, ladabi kamar ta kwanta a taka. Auta ta rame. Kwalbar ta ɓoye ta a bayan kanta, ta kasa zubarwa, ta kasa kallo.

Sai wata safiya gari ya tashi da yayyafi da iska mai ratsa ƙashi. Auta na goge gilashi, ta ji an yi sallama a hankali.

Umma ce, ita kaɗai, lulluɓe da mayafi mai kauri. Idanunta sun kumbura.

Yaya ta miƙe tsaye. "Idan wani faɗan ne, Umma, ni za ki..."

"Ba faɗa na zo yi ba, 'yata."

Ta juyo ga Auta, ta kama bakin mayafin.

"Sanyi ya sa na buɗe akwati. Ina yafa shi na ji kamar an turo ƙofa. Har na ce sannu da zuwa... Ke yarinya, a ina kika san mijina?"

"Ban san shi ba, Umma. Ɗanki ne ya ba ni labarinsa."

"Katakon na ji sarai. Amma akwai abin da ya ɓace a ciki."

"Lemon ne. Shi ba ya daɗewa a tufa."

Auta ta lalubo kwalbar, ta goge ƙurar da gefen zanenta.

"Kawo hannunki, Umma. Kaɗan ake sawa, a nan inda jini ke bugawa. Kada ki murza. Ki ɗan jira shi."

Suka jira, yayyafi na sauka a kan rufi. Umma ta kai hannun hancinta, ta lumshe ido. 

"Ga shi nan... ga lemona."

Ta rungume Auta, mayafin ya rufe su duka biyun.

"Yafe mini, 'yata. Kin dawo mini da abin da na zaci ƙasa ta cinye, ni kuma na saka miki da zagi."

"Ni ce da godiya, Umma. Ni na yi gaggawa."

Yaya ta juya baya wai tana gyara kwalabe, alhali hawaye take sharewa.

"To," in ji ta, "ku ce wa mai ƙusar nan ya daina gilmawa ta ƙofa kamar ɓarawo. Ya shigo!"

Ai kuwa yana nan raɓe da bango, ruwa ya yi masa sharkaf. Ya faɗo ciki yana washe baki.

"Hancina! An yafe mana?"

"Kai, fita ka girgije tukuna," in ji Umma, tana dariya tana kuka.

Sanyi bai wuce ba aka ɗaura aure. A wajen taron Auta ta hango 'Yar Gayu a gefe, fuska kamar an aiko mata da mutuwa. Ta ratsa mutane ta kama hannunta.

"Na gode, 'yar'uwa."

"Da na yi me?" ta tambaya a tsorace.

"Da fesawa ɗaya kika yi, da tuni ƙamshin ya tashi. Ke kika jiƙa mayafin har ya kai sanyi."

'Yar Gayu ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Da yamma, bayan jama'a sun watse, Auta ta nemi Umma a ɗaki ba ta gan ta ba. Kafinta ya ja hannunta zuwa bayan gida, ya nuna mata da haɓa.

Ƙofar wurin aikin a buɗe take. Umma na zaune a kan bencin Baba, mayafin a kafaɗarta, tana ɓare lemo.

"Zo nan, 'yata," ta ce. "Wannan naki ne."