Tarin Marigayiya Saude

"Kai wannan, ba za ka kawo mini mai kiran matattu gidan nan ba!"

Inna Fatu ce ke magana tana dama fura a tsakar gidanta a Gwiwa. Ba ta kama sunan Musaddiƙ, don ɗan fari ne, amma faɗan bai taɓa ɓatan hanya ba.

"Inna, kwamfuta ce fa..."

"Kwamfutar ce ta san hanyar maƙabarta?"

Takarda ce ta jawo. Nafisat, wadda Musaddiƙ ke nema, 'yar Kazaure ce mai bincike. Tana koya wa kwamfuta sauraren tarin marasa lafiya da ake naɗa a waya a ƙananan asibitoci, ta ware wanda ya yi kama da tarin fuka. Ranar Talata aka kawo takarda gidan: kwamfutar ta ware tarin Saude Hamma, ana neman ta zo gwajin kaki da gaggawa. Saude ƙanwar Inna ce, kuma shekara biyu ke nan tana ƙarƙashin ƙasa, inda ba a san ta da tari ba.

Kafin la'asar mata sun daina bin ƙofar gidan.

Musaddiƙ ya kira Nafisat. "Don Allah ki ce mistek ne, a wuce wurin."

"Ba zan faɗa ba. Sau uku aka naɗa, duka ranar kasuwa. Wata ce ta yi tarin nan, kuma tana numfashi."

Ta kashe waya ta yi kuka, ta share, ta sa abin ji a kunne. Tari ne busasshe, sau biyu, sai ɗan fito a ƙarshe kamar iska a bakin kwalba. Ta yi ta saurarensa har ta haddace shi.

Ranar Juma'a ta je gaida Inna. Ta durƙusa bakin ƙofa, aka amsa mata da bayan kai. Ta miƙe za ta tafi ke nan, sai ta ji shi a bayanta. Sau biyu. Sai fiton.

Ta tsaya. Ta juya a hankali.

"Inna... katin asibitin marigayiya yana wajenki?"

Ludayi ya tsaya cikin ƙwarya. Can Inna ta ɗaga murfin wata samira ta fito da shi, ya yi laushi don riƙo.

"In na yanki nawa, Sama'ilu mai ba da kati abokin yaron nan ne, zai kai masa labari. Shi ya sa nake bari sai ranar kasuwa in tura katin cikin cunkoso, fuska a rufe. A ce uwar ango na da tarin fuka, wa zai ci tuwon bikin?"

"Yana warkewa, Inna. Wata shida ne."

"Za ki gaya masa?"

Kalma ɗaya za ta wanke Nafisat a Gwiwa gaba ɗaya. Ta haɗiye ta.

"Sirrin mara lafiya ba nawa ba ne. Amma mazauna gidan nan ma sai an gwada su, kuma daga bakinki ya kamata su ji."

Kwana tara ana nuna ta da baki, Musaddiƙ na amsa wayarta a taƙaice. A na goma Inna ta kira shi.

"Kai wannan, tarin nawa ne. Je ka ɗauko yarinyar ta raka mu asibiti."

Aka yanka mata kati da sunanta. Bayan wata shida aka ɗaura aure, tuwon kuwa bai kwana ba. Saude ba ta sake tari ba.

Kunyar ciwo ba ta taɓa warkar da kowa ba, kuma wadda ta rufa asirin mai zaginta, Allah ba ya barin ta a rana.