Tarhon Alhaji Mai Kwaɗo

Ranar da Jibril ya zo gyaran layin tarho a gidan Alhaji Jalo da ke Ƙofar Jatau, 'yar gidan, Ummukulsum, ce ta kawo masa ruwa. Garin kallonta ya zuba rabi a rigarsa. Layi dai ya gyaru tun ranar, amma malamin gyara bai daina zuwa duba shi ba, har Alhaji ya gaji ya ce ya turo magabatansa.

Tarhon nan kuwa kullum da ɗan kwaɗo a kan lambobinsa, makullin yana aljihun Alhaji. Kowa na iya amsa kira, amma ba mai kira sai shi.

Ana gab da sa rana, wayar ta yi ƙara da hantsi, Alhaji ya ɗauka.

"Malam Yari ne, kawun Jibril. Mun fasa, a ba wani."

Alhaji ya kife wayar ransa a ɓace. "Shi ke nan. Dama Bahago, ɗan maƙwabta, ya daɗe yana nema."

Ummukulsum ta matso kusa da shi. Ta durƙusa.

"Baba, ka san muryar Malam Yari?"

"Sau ɗaya muka gaisa."

"To ai kowa na iya cewa shi ne. Don Allah ka kira lambar shagonsa, wadda ya ba ka hannu da hannu."

"Ni in bi waɗanda suka ƙi 'yata da roƙo?"

"Ba roƙo ba ne, Baba, tambaya ce," ta ce, hawaye na zuba.

Alhaji mutum ne mai tsananin kishin mutuncinsa. Duk da haka ya laluba aljihu ya buɗe kwaɗon, ya kira lambar.

"Fasawa?" in ji Malam Yari. "Innalillahi! Alhaji, wa ke fasa aure ta waya? Ga ni nan tafe da ƙafata."

Da la'asar Jibril ya same ta a zaure.

"Ummuna, kin yarda zan bar ki?"

"Ban yarda ba, amma wallahi na tsorata."

"Ni ma da na ji, ban tsaya komai ba na taho."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Aka sa rana, da ta zo kuma aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Bahago, wanda ake zargin shi ya yi kiran nan, bai zo ba, ba kuma wanda ya nemi ba'asi. Alhaji ya riƙe hannun Jibril da hannu biyu.

"Saura ƙiris in raba ku a kan maganar mutumin da ban gani ba. Ka riƙe min ita amana. Allah Ya yi muku albarka."