Tafintan da Ya Ji Nauyin Cewa Dole

A wani zamani an yi wani tafinta mai ladabi. Ran nan wani tsoho ya kawo jikarsa asibiti da kumburarriyar ƙafa. Likita ya ce da Turanci a dawo da ita gobe, ya nanata kalmar "must" sau uku.

Tafinta ya san dole ake nufi. Amma ya dubi furfurar tsohon, ya ji nauyi.

"Baba, ya ce in ka samu hali ku dawo gobe."

"To, ɗana, bari mu gama girbi."

Bayan girbi tsoho ya dawo, jikar a kafaɗarsa. Likita ya duba, ya ce da Turanci dole sai an yanke ƙafar.

Tsoho ya dubi tafinta. "Ɗana, me ya ce?"