Kayan Gola

"Kowa shi kwanta! Wanda yam motsa sai gawatai!"

Yari ne ya daka wannan tsawar, fuska naɗe da rawani, bindigar toka a hannu. Ƙarfe ɗaya na rana ne, kuma mutum biyu ne rak a filin wasan nan na Gusau. Baba Shu'aibu mai gadi dama a kwance yake bisa benci, don haka bai da wani aikin da zai ƙara. Hajara mai kunun aya kuwa ta dubi ƙasa, ta ce ita dai wannan rairayin ya yi zafi, sai dai ta tsuguna.

"To tsuguna!" in ji Yari. "Mannir, ina akwatin?"

Ga shi can jikin katanga. Akwatin ƙarfe ne mai ƙofofi takwas, da allon gilashi a tsakiya, da faifan sola a ka. Wata ƙungiya ce ta kafa irinsa a Gusau da Tsafe da Bungudu. Mannir ne ya kawo labarinsa. A teburin mai shayi a Tsafe ya ji wasu samari na cewa an zuba kayan gwal a akwatin Gusau, ba ɗan sanda ko ɗaya, sai tsoho. Abin da Yari bai tuna ba shi ne, tun ranar da aka gwada bindigar nan kusa da kan Mannir, kunnensa na hagu ya yi murabus.

Haliru yana kan babur, bai kashe inji ba. Shi direba ne kawai, kuma yau ne fitarsa ta farko. Matarsa Shafa'atu, malamar Islamiyya a Tsafe, ta san kabu-kabu ya fita. Har wayarta ta ba shi da safe, saboda tasa ta faɗa rijiya.

Yari ya kai wa akwatin duka da gindin bindiga. Gwam! Allon ya kawo haske.

"Barka da zuwa," in ji wata muryar mace mai daɗi. "Shigar da lambar wayarka."

Yari ya yi tsalle baya, ya saita bindiga.

"Wa ab ciki? Hito!"

"Shigar da lambar wayarka."

"Yaro, ba kowa ciki," in ji Baba Shu'aibu daga benci, ko ido bai buɗe ba. "Lamba kawai takan so. Ka sa, a turo maka wasu lambobi, ka danna, ta buɗe. Kada ka lotsa mani ƙofa, ni za a tambaya."

Yari ya laluba aljihu. Wayarsa ba caji. Layin Mannir kuwa an rufe shi tun bara. Su biyun suka juya suka zuba wa Haliru ido.

"Oga, ta matata ce," in ji Haliru.

"Matarka za ta sa sarƙar gwal ko ba za ta sa ba? Taho nan!"

Haliru ya sauko. Ya danna. Wayar ta yi ƙara, ya sake dannawa. Ƙas! Ƙas! Ƙas! Ƙofofi uku suka buɗe, kowace da baƙar jaka mai zif.

"Ɗauki! Ɗauki! Mu ware!"

Mutum uku, jaka uku, babur ɗaya. Suna fita Hajara ta miƙe ta kakkaɓe zani, ta ɗaga murya tana tambaya ko ba za su sha kunu ba.

Sun kama hanyar Bungudu ke nan wayar ta yi ƙara a aljihun Haliru. Ya zaro da hannu ɗaya ya duba, sai da babur ya yi tangal-tangal.

"Malama Shafa'atu Umar, kin ari jaka uku. Ki maido kafin ƙarfe huɗu a kowane akwatinmu. Idan lokaci ya wuce, za a miƙa sunanki ga mai unguwa da 'yan sanda."

Shafa'atu ko allurar maƙwabciya ta ara, ba ta bari ta kwana a ɗakinta. Yara tamanin ke durƙusa mata kullum. Yanzu ga sunanta cikakke, har da na mahaifinta, a cikin fashi.

*

Sajan Ɗahiru ya iso filin da mutum huɗu. Ya tarar da Mansura, ma'aikaciyar ƙungiyar, tana latsa kwamfuta a kan bencin Baba Shu'aibu.

"Mi anka sace?"

"Yallaɓai, ba a saci komai ba. Aro aka yi."

"Aro? Da bindiga?"

"Na'urar ba ta tambayar abin da mutum ya riƙo. Sai huɗu ta wuce yake zama sata a wurinmu."

Sajan ya cire hula ya sosa ƙeya. Shekara ashirin yana aiki, bai taɓa jin fashin da ke jiran agogo ba.

"Amma ƙwallon tana da 'yar na'ura a ciki," in ji Mansura, ta juyo masa da allon. "Ka ga jan ɗigon nan? Su ne. Sun ratse wajen Furfuri."

"Ku hau mota! Ke ma taho da abin naki."

*

A gindin wata tsamiya, bayan gonakin dawa, Yari ya tsuguna ya yi bisimilla, ya zuge jakar farko. Raga ce a naɗe. Ta biyu, igiyar tsalle guda shida da usur. Ya fizgo ta uku ya zazzage: ƙwallo, riga mai lamba ɗaya, da safar hannu. A jikin jakar an rubuta da farin fenti, KAYAN GOLA.

Wata akuya ta leƙo ta koma.

"Mannir," in ji Yari a hankali. "Mi kac ce ka ji?"

"Gwal, Oga. Wallahi gwal nij ji."

"Da wane kunne?"

Mannir ya yi tunani, ya ɗaga hannu ya taɓa na hagun.

Yari ya bi shi da igiyar tsalle, sai da suka zagaya tsamiyar sau uku. Haliru bai ko dube su ba. Safar ya ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tsaron raga a Tsafe, tun yana ɗan saurayi, kuma da tafin hannu tsirara ya yi su. Ranar babban wasa sai ya zura safar ƙafa a hannu. Yatsunsa biyu sun karye sun ɗoru a karkace. Sau nawa ya tsaya a shago yana kallon irin wannan a cikin leda, ya wuce. Ashe yau ga ta a jikin katanga, lambar waya kawai ake so. Ya zura hannu, ya ja maɗaurin. Sai ya ji hawaye na neman ba shi kunya.

Yari ya dawo yana haki. Ya ɗauki ƙwallon ya girgiza a kunne.

"Ku saurara! Akwai abu ciki! Wayo na, cikin ƙwallo sunka ɓoye shi. Mannir, wuƙa!"

Haliru ya duba waya. Uku da minti ashirin. In aka farka ƙwallon nan, sunan Shafa'atu aka farka.

"Oga, ka bari mu maida masu kayansu. Aro na."

"Aro?" Yari ya zaro ido. "Ni? Ni ɗan fashi na! A ji a gari Yari ya yi aro? Da wace fuska zan hita?"

"To mu yi haka. Kullum kana hwaɗin kai ka ci wa Furfuri ƙwallo tara a wasa guda."

"Sha ɗaya."

"To fenariti ɗaya. In ka ci ni, ka yanka. In na kama, tawa ta."

Nan ne ya taɓa Yari inda yake masa ƙaiƙayi. Ya jingine bindiga, ya tuɓe rawani, ya naɗe wando. Mannir ya ɗaura raga tsakanin tsamiya da wani kututture, ya saka usur a baki. Yari ya ce sai ya ɗan motsa jini tukuna, ya shiga gara ƙwallo yana yanke abokan hamayyar da babu su.

A cikin mota Mansura ta ƙura wa allo ido.

"Yallaɓai, ɗigon yana ta kai da komo wuri ɗaya."

"Faɗa sukai?"

"Ina jin... ƙwallo suke bugawa."

Sajan ya rafka salati.

Fiiir! Mannir ya hura. Yari ya ja da baya taku goma, ya rugo, ya narka. Ba laifi, akwai ƙarfi a ƙafar. Haliru ya tashi sama ta dama. Caraf! Ƙwallo ta manne a safar ko motsi ba ta yi ba. A duk shekarunsa bai taɓa kamu mai daɗin wannan ba.

Bai tsaya jin daɗin ba. Ya mirgina ya miƙe, ya warce usur daga bakin Mannir, ya tsinke ragar, ya tattare igiyoyi da riga ya cusa a jaka. Kafin su gane ba murna yake yi ba, ya haye babur.

"Ɓarawo!" Yari ya kurma ihu. "Ɓarawo! Jama'a, ya sace muna kaya!"

Ya rarumi bindiga ya ja kunama. Daram! Ta baya ta fashe. Hayaƙi ya turnuƙe, akuyar nan ta tsallake kunya uku. Manoman da ke gona suka yo wurin da fartanya, tun da an yi kiran ɓarawo.

*

Huɗu saura minti shida Haliru ya ci birki gaban akwatin Bungudu. Ya diro, ya danna lamba da ƙyar, yatsun safar na haɗa biyu-biyu. Ƙofofi suka buɗe. Raga, ciki. Igiyoyi da usur, ciki. Riga, ƙwallo...

"Kada ka motsa! Hannu sama!"

Motar Sajan ce. Bindiga huɗu a kansa. Kafin ya buɗe baki an murɗe hannayensa baya. Ƙarau! Ankwa.

"Saura safar hannu," in ji muryar nan mai daɗi. "Saura minti uku."

Sai a lokacin ya tuna tana hannunsa. Kuma ankwar ta hau daidai kan maɗaurinta.

"Yallaɓai, don Allah! Minti guda! Ka kwance ni in sa safar nan!"

"In kwance ka? Ka ga na yi kama da mahaukaci?"

"Ba gudu zan yi ba. Ni na kawo kaina. Sunan matata ab bisa, Yallaɓai. Ba ta san komi ba, malama ta, yara takan koya ma karatu. Ni ku kai ni duk inda za ku kai ni, amma ita kada a kira sunanta gaban mai unguwa."

"Saura minti biyu."

Sajan ya dubi Mansura. Ta ɗaga masa kai. Ya dubi Haliru, ƙato guda, yana kuka da safar gola a bayansa. Ya yi tsaki, ya shiga laluben makulli. Aljihun riga, babu. Na wando, goro ne.

"Saura minti ɗaya."

"Kofur! Makulli!"

"Yana jikin na mota, Yallaɓai!"

Kofur ya ruga ya dawo. Ƙas! Haliru ya fizge safar da haƙori, ya jefa, ya banka ƙofar.

"Mun gode, Malama Shafa'atu. Kin maido kaya a kan lokaci. Kin samu tauraro biyar."

Haliru ya miƙa hannayensa biyu da kansa.

*

Yari ya rasa yatsu biyu da gira ɗaya, kuma ya shiga gidan da ake kira da sunansa. A kotu lauyansa ya so ya kafa hujja da cewa aro ne, Yari ya miƙe ya ƙaryata shi da rantsuwa, don haka alƙali bai sha wahala ba. Kunnen Mannir na dama ya bi na hagu, har yau bai ji adadin shekarun da aka yanke masa ba. Haliru ya samu nasa rabon, an ɗan sassauta don shi ya kai kansa. Babur ya tafi, kuma ɗiyar da Shafa'atu ke goyo za ta fara tafiya ba ya nan.

Wata biyu Shafa'atu ba ta zo ba. Ya ce a ransa ta yi daidai.

Ranar wata Asabar aka ce yana da baƙuwa. Ta zauna ta ƙi kallonsa.

"Sun manna sunana a akwatin Tsafe," ta ce. "Wai gwarzuwar masu riƙon amana. Ni da ban taɓa taka ƙwallo ba. Har mai unguwa ya aiko a yi mani barka."

Ya sunkuyar da kai.

"Sajan ya hwaɗa mani yadda anka yi." Ta ɗago ta dube shi. "Shekara nawa kana ba ni labarin safar nan, Haliru. Lamba kawai anka ce ka sa. Lamba kawai."

Ta buɗe jakarta. Gandiroba ya riga ya duba, ya yi dariyarsa ya kauce. Ta turo masa safar a kan tebur.

Ya zura hannu, yatsun nan karkatattu suka shige. Ya ja maɗauri.

"Ta yi maka daidai?"

"Cif."

Ta goge ido da bakin hijabi, ta dubi agogon bango.

"To ji daɗinta da sauri," ta ce. "Kafin huɗu zan maida."