Muryar Mama Lai'atu

Tulu Rufus ya fara gani kafin ya ga fuskarta. Ta shigo da shi a ka, irin wanda matan Zumunta ke bugawa a coci, ta tsaya a ƙofar situdiyo.

"Ajiye can," in ji Rufus. "Kar ya taɓa min waya."

"Tulun nan ya girmi wayoyinka," ta ce.

Bai yi dariya ba. Amma ranar sai da aka sake waƙar farko, don ya manta bai danna ɗauka ba.

Rufus ba mai yawan magana ba ne. Daga sakandare ya tsaya. Ya koyi haɗa kiɗa a Sabon Tasha, ya dawo Kafanchan ya kama ɗaki bayan tashar jirgi, ya rubuta Layin Dogo a ƙofa. Kamfaninsa ke nan. Shi ke rubuta waƙa, shi ke haɗa kiɗa, shi ke fitarwa, ba ya roƙon kowa.

Ita kuwa Yemima ce, malamar firamare, 'yar Mama Lai'atu shugabar Zumuntar Mata, wadda ta kawo matanta su yi faifai.

Kafin a gama aikin, saƙon waya ya fara tafiya tsakanin Rufus da Yemima.

"Mai Tulu, kin isa gida?"

"Na isa, Furodusa. Ashe kana da baki."

"A waya kawai."

Sai faifan ya kawo matsala. Mama Lai'atu takan ɗauko baiti tun mata ba su gama amshi ba, muryarta ta hau kan tasu. Rufus ya ɗauka tsufa ne. Ya ja muryar baya da kwamfuta, ya daidaita ta da kiɗa, ya goge 'yar rawar da ke cikinta. A ganinsa gata ya yi mata.

A tsakar gidanta ta saurara, gaban matanta. Ta sa aka kashe.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, Mama."

"Ba ni ba ce. Ni ban taɓa jiran waƙa ta faɗi ƙasa kafin in ɗauka ba. Ka mai da ni yarinyar kwayar coci."

Da kawunnansa suka nemi zuwa gaisuwar neman auren Yemima, amsar Mama gajeriya ce. Wanda ya kasa jin muryarta yadda take, in an ba shi Yemima ita ma gyara ta zai yi.

Ana cikin haka Derrick ya fara zuwa gidan su Yemima, ɗan dattijon coci, ma'aikacin banki a Kaduna. Wata Asabar Rufus ya hango Yemima a gaban motarsa. Ya koma situdiyo ya kashe waya.

Da ya kunna, saƙonta na jira.

"Asibiti ya kai mu, ƙafar Mama ce. Kai fushi ka iya, ba ka iya tambaya ba. In da gaske kana so na, zo ka ji yadda ake waƙar nan."

Ranar Alhamis ya je wurin koyon waƙar Zumunta. Shi kaɗai ne namiji.

"Mun yi sabuwar mamba," in ji Iya Florence mai buga tulu. "A ba shi zane da ɗankwali."

Mata suka kwashe da dariya. Ya zauna a bencin baya. Ya dawo wata Alhamis, ya sake dawowa, har aka fara haƙar citta. Abokansa na kiransa Mama Rufus. Bai daina ba.

A bencin nan ya gane. In numfashin mata ya kusa ƙarewa, nan tsohuwar ke shigowa ta tallabe su. Abin da ya goge shi ne ƙashin bayan waƙar.

Ya kawo makirfo ɗaya ya rataya a tsakiyar coci. Ya ɗauki waƙarsu, bai taɓa komai ba bayan haka.

Faifan ya fita da tambarin Layin Dogo. Daga Kachia har Jere ana jin sa, a tasha, a gidan biki. Har a motar Derrick aka ji shi.

Mama Lai'atu ta aika a kira shi.

"Har tarin da na yi ka bari a ciki?"

"Naki ne, Mama."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗana, ka ce wa kawunnanka su zo."

Ranar ɗaurin aure coci ya cika har waje. Fasto bai gama cewa amin ba, Mama Lai'atu ta ɗauko waƙa, tulu ya amsa.

Yemima ta matso kusa da kunnensa. "Ta riga Fasto. Za ka gyara, Furodusa?"

"Ko kusa, Mai Tulu."

Ya riƙe hannunta, kansa a sama. Ubangiji ya albarkaci gidansu, ya ba su 'ya'ya masu murya, da kunnen da zai ji su yadda suke.