'Yar Masunta a Gonar Dawa

A wata makarantar firamare kusa da Tsanyawa, an yi wata yarinya 'yar aji biyar mai kaifin ƙwaƙwalwa. Kafin malami ya gama tambaya, hannunta yana sama. Wani lokaci ma bakinta kan riga hannun.

Malaminsu, Malam Kamaruddeen, ya koya musu wani wasa. Duk Alhamis in an tashi, sai a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Malam ya ajiye kwalin da ya zana taswirar wani gari a kai. Kowane yaro yana da 'yar takarda da ke nuna ko shi wane ne a labarin. Malam ya kawo matsala, yara su faɗi abin da mutanensu za su yi. Daga nan a jefa ɗan lido. In ya nuna huɗu zuwa shida, an yi nasara.

Yarinyar ta zama 'yar masunta, wadda ta tashi a bakin kogi, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Sha'aban ya zama maƙeri. Dabo kuwa shi ne Sarkin Noma.

Dabo yana da in'ina. A aji ba ya cewa uffan, don tsoron dariya. A wasan nan kaɗai ake jin muryarsa.

Wata Alhamis Malam ya ce, "Kun iso wata gona. Dawa ta yi rawaya, ta ƙi girma. A gindinta ga wasu furanni ja-ja masu kyau. Mai gona yana kuka. Me za ku yi?"

Idanun Dabo suka yi haske. Ya ce, "Wa-wa-wannan ai..."

"Ƙuduji ne!" in ji yarinyar. "Ta saiwa yake shanye abincin dawa. A tuge shi kawai. Yana cikin littafinmu."

Malam ya ce, "Ke kin sani. Ita 'yar masuntar fa, a ina ta san shi? A cikin kogi?"

"To ai ni ce ita, Malam."

"A'a. Ke daban, ita daban. Abin da ta sani shi za ki faɗa. Maganar gona ta Sarkin Noma ce."

Ta ce to, amma a baki kawai. Da aka zo kan ƙwarin da suka shiga rumbu, Dabo bai gama haɗa kalmar farko ba, ta sake zuba amsa tiryan-tiryan.

Dabo ya ajiye takardarsa a hankali. Ya ce, "Tu-tunda ta san komai, Sarkin Noma ya tafi gida." Ya ɗauki jakarsa ya wuce.

Da Alhamis ta zagayo, Dabo bai zo ba. Malam ya ce, "Mai gona yana neman Sarkin Noma. Ya ce ba zai karɓi shawarar mai kamun kifi ba." Maƙeri kuma bai san harkar gona ba. Haka dawar cikin labari ta bushe, Malam ya naɗe kwalinsa tun wuri.

Sha'aban ya harare ta. "Kin ji daɗi? Kin kori Dabo, kin kashe mana wasa."

Ta koma gida da hawaye. Ta tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta kwashe komai ta faɗa mata.

"Inna, laifi ne don na sani?"

Inna ta ce, "Sani ba laifi ba ne. Amma kin tuna lokacin da kike koyon tuƙa tuwo?"

"Na tuna."

"Ina tsaye ina kallon gudaji, hannuna har ƙaiƙayi yake. Na fi ki iyawa, amma ban fizge muciyar ba. Da kullum na karɓe, da yau kin iya?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta sosai.

Ran Asabar da safe ta sami Dabo a gonar babansa yana cirar ciyawa. Ta ce, "Dabo, na yi maka ba daidai ba. Ka yi haƙuri. Ka dawo, wallahi zan jira ka ko zuwa la'asar ne."

Dabo ya ci gaba da cirar ciyawarsa. Amma ran Alhamis sai ga shi a bakin tabarma.

Malam ya kai su wata sabuwar gona, ita ma da furannin nan ja-ja. Amsa ta taso wa yarinyar har maƙogwaro. Ta cije leɓe, ta haɗiye abarta. Sai ta ƙanƙance murya irin ta baƙuwa, ta ce, "Kai, furanni! Baba Sarkin Noma, a garinmu babu irinsu. Bari in tuge su in kai wa akuyar mai gona ta ci."

Dabo ya zabura. "Ka-ka-kada!"

Maganar ta maƙale masa, ya yi ta fama. Ba wanda ya ƙarasa masa, har ta fito.

"In ya yi iri akuya ta ci, irin zai fita a kashinta. A kwashi taki a kai gona, ya sake tsi-tsirowa ko'ina. A tuge shi tun da wuri, a tara, a ƙone. Haka Babana yake yi."

Yarinyar ta saki baki. Wannan kam ba 'yar masunta kaɗai ba, ita kanta ba ta san shi ba. Babu shi a littafi.

Dabo ya jefa ɗan lido, ya nuna biyar. Malam ya ce, "Gona ta tsira!" Yara suka yi ta tafi, Dabo yana dariya har da riƙe ciki.

A hanyar gida ta ce, "Dabo, na gode. Da ban yi shiru ba, da ban taɓa sanin wannan ba." Ta gode wa Malam, ta kuma gode wa Inna da ta isa gida.

Daga ranar ta gane cewa a wasa kowa yana da nasa matsayi. Mai ilimi na gaske yakan san lokacin yin shiru, ya ba ɗan'uwansa dama ya faɗi abin da ya sani.